Ranar da Anti Barka Ta Ce Za Ta Tafi

Sa'ad da na dawo daga karatu, na tarar kowa a gininmu yana kuka da kamfanin intanet, ni kuwa ban ga abin kuka ba. Inda na zauna shekara shida, kamfanoni huɗu ne ke turo takardun talla ta ƙarƙashin ƙofa, wanda ya ɓata maka rai da safe ka sallame shi kafin yamma. Sai na ɗauka ko dai ƙorafin ya zame wa mutane abin hira ne, ko kuma ba su iya ciniki ba. Har na yi shakkar ko maganar ta kai a rubuta. Mutane na fama da kuɗin haya da na asibiti, wa zai zauna karanta labarin wata 'yar fitila da ke yin ja a jikin akwati? Abin da ya sami maƙwabciyata ta hawa na biyu ne ya raba ni da wannan shakka. Ita kam ta fi ni iya ciniki nesa ba kusa ba.

Yaran ginin ne suka laƙaba mata Anti Barka. Daga takwas na safe zuwa biyar na yamma, duk wanda ya bi ta matakala sai ya jiyo muryarta ta bango: "Barka da wannan lokaci, da me zan taimaka?" Sau saba'in a rana, wani lokacin tamanin, kuma na ƙarshen yana fita da laushi ɗaya da na farkon. Muryar ce jarinta tun tana budurwa. Ta fara da amsa waya a wani otal, ta koma wani asibiti, daga nan wani kamfanin inshorar motoci ya ɗauke ta. A tsakani ta yi aure, auren ya mutu ba tare da maƙwabta sun ji kansu ba, 'yarta ɗaya tana karatu a wani gari. Shekararta tara a kamfanin inshorar, ukun ƙarshe daga gida take yi.

Ba don jin daɗi ta nemi aikin gida ba. Mahaifiyarta ce ta faɗi a banɗaki wata safiya, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ciwon ya ɗauke wa Inna hannu da ƙafa, amma ya bar mata bakinta cif. Ƙanin Anti Barka, direban tasi da duk gidan ke kira Auta, yakan ce likitoci su sake dubawa, wataƙila ciwon ya yi ɓatan hanya ne. Duk bayan awa biyu sai an juya Inna don kada jikinta ya yi gyambo. Saboda haka Anti Barka ta roƙi shugabar sashensu, aka tsara mata hutun minti goma duk awa biyu. Teburinta yana lungun da ke tsakanin durowa da taga. Ta rataya tsohon bargo a jikin ƙofa don ya shanye hayaniya, ta kuma ɗaura wa Inna cokali a ƙarfen gado: bugu ɗaya ruwa, bugu biyu banɗaki, bugu uku kuwa Inna ta gaji da shiru ne kawai.

Duk wannan tsari a kan abu ɗaya yake tsaye, wani ɗan baƙin akwatin intanet da ke kan durowa, mai fitila guda. In ta yi kore, akwai aiki. In ta yi ja, kwastoma ya ɓace a tsakiyar magana, kwamfutar ofis kuma ta rubuta. Dokar kamfanin inshorar a fili take: wanda layinsa ya rufe kwana uku a jere, a mayar da shi ofis, a ba wani gurbinsa na gida. Ofishin kuwa sai an hau bas biyu, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa.

Fitilar ba ta rasa yin ja sau biyu ko uku a mako. In an yi ruwa, ja. In rana ta ƙwalle, ja. In babu ruwa babu rana, nan ma ja, don kada a saba da ita. Ka kira kamfanin intanet ɗin, su sa maka kiɗa na minti ashirin, sannan wani ya ce ka kashe akwatin ka sake kunnawa, kamar kai ba ka yi hakan sau biyar ba kafin ka kira. Aikin bai taɓa gyaruwa ba, amma a shekara uku sun ƙara kuɗi sau huɗu, kowane ƙari da saƙonsa mai cewa don inganta hidima ne.

Saƙon ƙari na biyar ya shigo ranar wata Lahadi, Auta ya zo duba Inna.

"Inganta hidima!" in ji Anti Barka, tana miƙa masa wayar. "Karanta, Auta, karanta da bakinka. Ranar Alhamis sau uku suna yanke ni, ina tsakiyar lallashin wani mai motoci goma sha biyu."

"To Yaya, ki rage wani abin mana. Ki daina sayen man shafawa, ai kwastomomin naki ba ganinki suke yi ba."

"Zan kwaɗa maka wayar nan a goshi."

"Ni dai na faɗa," Inna ta sa baki daga kan gado, "wannan akwatin ya fi ni cin kuɗi. Ni kuwa ko ba komai ina yi muku hira."

Gaskiyar ita ce babu sauran abin ragewa. Ta riga ta yanke tashoshin talabijin, guga sau ɗaya take yi a mako, firij ɗin ma ta sayar da babban ta sayi ƙarami. Maganin Inna ba a taɓa shi. Saura akwatin.

Amma a nan ne Anti Barka ta yi murmushi, don an zo fagenta. Sashenta a kamfanin inshora shi ne na hana kwastoma tafiya. Duk wanda ya bugo ya ce zai soke, ita ake tura wa. Kuma aikin yana da ƙa'idarsa, wadda ta sani kamar yadda ta san tafin hannunta. Ba a yi wa mutum rangwame don ya yi ƙorafi. Ba a yi masa don ya yi zagi. Sai an tambaye shi sau uku ko ya tabbata, ya ce e sau uku, sannan shafin rangwame yake buɗewa a kwamfuta. Wanda ya yi sanyi a tambaya ta biyu, ya koma da tsohon farashinsa, a bi shi da godiya. Kamfanonin inshora sun fi goma a garin, kowa yana tsoron kowa, don haka mai taurin kai ba ya tashi hannu banza. Dubban mutane sun bi ta kunnenta. Daga numfashin mutum take gane mai tafiya da gaske da mai gwada sa'a.

"Duk kamfani haka yake," ta ce wa Auta. "Takarda ɗaya muke karantawa, suna kawai ake canjawa a sama. Gobe a hutun rana zan sa su rage min kashi ɗaya cikin biyar. Kai dai zuba ido."

"In sun rage, nawa ne kasona?"

"Kasonka shi ne goshinka ya kwana lafiya."

Ranar Litinin ta juya Inna, ta gyara mata matashi, ta bar ƙofa a buɗe don tsohuwar ta ga yadda ake aiki. Bayan kiɗan minti goma sha takwas, wata yarinya ta ɗauka.

"Barka da wannan lokaci, da me zan taimaka?"

Saura kaɗan Anti Barka ta yi dariya. Sabuwar hannu ce, har ana jin yadda take bin rubutun da ido.

"Ina son in soke layina."

"Ayya, ranki ya daɗe, ba mu ji daɗin jin haka ba. Ko zan iya sanin dalili?"

"Tsada da rashin aiki."

Aka ji ƙarar maɓallan kwamfuta. "Kin tabbata kina son a soke?"

Anti Barka ta ɗaga wa Inna yatsa ɗaya. "Na tabbata."

"Kin san za ki rasa tsarin da kike kai yanzu?"

Yatsa biyu. "Na sani sarai."

"Ranki ya daɗe, zan yi tambaya ta ƙarshe, kuma ana naɗar wannan kira. Kin amince a soke layin?"

"Na amince."

Ta jingina da kujera, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana jiran maganar da ita kanta take faɗa sau talatin a rana: dakata, bari in ga abin da zan iya yi miki.

"An soke," in ji yarinyar. "Layin zai rufe gobe ƙarfe sha biyun rana. Akwai wani abin da zan taimaka da shi?"

Ƙafar ta sauko ƙasa da kanta. "Tsaya, tsaya. Ina rangwamen?"

"Wane rangwame, ranki ya daɗe?"

"Shafi na gaba! Ƙanwata, aiki ɗaya muke yi da ni da ke. Duba ƙasa, gefen dama, akwai abin da ya buɗe miki."

Yarinyar ta ajiye muryar aiki ta yi magana da tata. "Wallahi Anti babu komai a nan. Godiya kawai aka rubuta."

"To mayar min da layina."

"Ba ni da wurin mayarwa. Wanda ya soke sai dai ya yi sabuwar rajista. Ki biya kuɗin haɗawa, ki hau sabon farashi, injiniya zai zo cikin kwana goma sha huɗu na aiki."

"Injiniya ya zo ya yi me? Waya tana cikin bango! Ga akwatin ina kallonsa, fitilarsa kore shar!"

"Ki yi haƙuri, haka tsarin yake."

Sau nawa ta faɗa wa mutane wannan maganar da muryar nan tata mai laushi? Ba ta taɓa sanin haka take da nauyi a kunne ba. Daga ɗaki aka buga cokali sau uku.

"Yaya dai, 'yar nan? Na ga yatsa biyu, ban ga na uku ba."

Ranar Talata, sha biyu daidai, fitilar ta yi ja. Kamfanin da bai taɓa cika alkawarin gyara a kan lokaci ba, wannan karon ko minti ɗaya bai makara ba. Ta gwada datar wayarta, amma a gidan sabis sai a jikin tagar kicin, shi ma sai ka ɗaga hannu sama. Ko da ya kama, kwamfutar ofis ba ta yarda da kowane layi sai wanda aka yi wa rajista da sunanta. Matar mai kula da ginin ta zauna da Inna, Auta ya kai ta ofishin kamfanin intanet ɗin. Ta karɓi lamba, ta jira awa ɗaya da rabi, wani saurayi a bayan gilashi ya karanta mata abin da yarinyar ta karanta, bai canja ko kalma ba. Ta nemi manaja, aka ce yana taro. Ta cika takardar sabuwar rajista.

Da suka dawo ta tarar da mai kula da ginin, wanda ake kira Baba Mai Makulli, yana gyaran famfo a tsakar gida.

"Baba, don Allah wane kamfani ne zai iya jawo min layi kafin jibi? Ko nawa ne zan biya."

Ya ajiye sifana ya dube ta. "Wane kamfanin kuma, 'yata? Da biyu ne a unguwar nan, babban ya haɗiye ƙaramin tun shekara biyar. Akwai wasu, amma wayarsu ta zo shatale-tale ta tsaya, ta ƙi tsallakowa, wai ba mu kai yawan da za su wahala ba. Kuma mai ginin ya sa hannu da waɗannan. Bututun da ke cikin bangon nan nasu ne, ko zare wani ba zai zura ba."

Ta san da haka. Kowa a ginin ya sani. Abin da ba ta taɓa kawowa a ranta ba shi ne kamfanin ma ya sani, har ya koya wa kwamfutarsa.

Wannan kuwa a bakin injiniyansu ta ji. Ranar Laraba da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa, ta ga mutum da rigar kamfanin da jakar kayan aiki, har ta fara yi wa Allah godiya. Ashe akwatin ya zo ɗauka.

"Au, ɗaukewa kwana ɗaya ne, haɗawa kuma sha huɗu?"

"Anti, ni abin da aka rubuta min nake bi."

"Kai ɗan nan," Inna ta kira shi daga ɗaki, "leƙo in gan ka. Ga ka, ga waya, ga akwati. Me ya hana ka murɗa abin da ake murɗawa?"

"Mama, takardata ta ɗauka ce. In na taɓa, aikina ne zai tafi."

"Minti nawa haɗawar take ci?" in ji Anti Barka.

Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙofa, ya yi ƙasa da murya. "Tsakani da Allah? Biyar. Ba ma sai an zo ba, daga ofis ake dannawa." Yana naɗe wayar akwatin ya ci gaba. "Ke ma da kin tambaye ni da ban bari kin kira ba. Kwamfutar adireshi take dubawa. In akwai wani kamfani a titinku, rangwame ya fito tun kafin mutum ya rufe baki. In babu, ba ya fitowa, ko sau ɗari za ki ce e. Bayan shatale-tale, irin layin nan naki, kusan rabin kuɗin suke biya. In suka yi tari ma a ba su wata ɗaya kyauta."

"Titi uku ne fa tsakaninmu."

"Uku ne."

"Waya ɗaya, kamfani ɗaya."

"Har injiniyan ma ɗaya ne, Anti. Ni ne."

Ya sa akwatin a jaka, ya gaishe da Inna da ladabi, ya fita. A kan durowa aka bar tabon da ƙura ba ta taɓa ba, da bakin wayar yana lilo. Anti Barka ta tsaya tana kallonsa, ta cika ta yi fam. Shekara uku ba ta taɓa makara da biya ba. Su kuwa duk tsawon lokacin nan sun san babu inda za ta, shi ya sa ko a jikinsu. Da ta zauna, su ƙara mata kuɗi. Da ta ce za ta tafi, su buɗe mata ƙofa, don sun san za ta zagayo ta sake ƙwanƙwasawa, ta kuma biya kuɗin shigowa.

Ranar Alhamis da yamma shugabar sashensu ta kira.

"Kwana uku ke nan. Kin san dokar, ke kika koya wa rabin yaran nan."

"Madam, shekara tara. Ki ba ni mako biyu, ki cire a hutuna."

"Na roƙa miki har sama, wallahi na roƙa. Mutum goma sha ɗaya ke jiran gurbin gida, kwamfuta ta riga ta fitar da na gaba. Litinin ƙarfe takwas, teburinki na da yana nan." Sai ta ƙara da cewa, "Amma ke ma, duk wayonki, me ya kai ki?"

Anti Barka ta ce na gode, da muryar aiki, ta ajiye.

Ranar Litinin ƙarfe shida saura ta riga ta shirya. Auta ya haƙura da fasinjojin safe, waɗanda su ne cinikin direba, zai zauna har sha biyu. Daga nan wata mata da aka ɗauka za ta karɓa har bakwai na yamma. Ladan matar na mako guda ya fi rangwamen da aka je nema na wata uku. Anti Barka ta tsaya a kan Auta tana nuna masa: hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, matashi tsakanin gwiwoyi, a duba fatar ƙugun da ta diddige kowane juyi.

"Na ji, Yaya. Sau huɗu ke nan kina faɗa."

"Je ki kar bas ya wuce ki," in ji Inna, fuskarta tana kallon bango. "Zai juya ni kamar taya, zan saba."

"Haba Inna, ni ko taya a hankali nake juya ta."

Babu wanda ya yi dariya. Anti Barka ta gyara cokalin a ƙarfen gado, ta ɗauki jakarta. Tana kan matakala ta jiyo bugu uku. Ta tsaya cak, ta riƙe ƙarfen matakalar, sannan ta ci gaba da sauka.

Kafin mako uku wani jan tabo ya fito a ƙugun Inna. Ba laifin Auta ba ne, ba kuma na matar ba, suna iya ƙoƙarinsu. Sai dai wani lokacin awa biyu takan zama uku.

Wata Asabar na haɗu da ita a bakin ƙofarta, ta fito da shara. A cikin sharar na ga kwalin sabon akwati mai tambarin kamfanin. Na ce, "Anti, ashe kin mayar da layin? Tunda aikin ya koma ofis, me zai sa ki ci gaba da ba su kuɗinki?"

Ta dube ni kamar yadda ake duban wanda ya daɗe ba ya gari.

"In ba su ba, in je wurin wa? Auta ya kafa min 'yar kyamara a kan durowa. Da ita nake leƙawa daga ofis in ga ko an juya Inna ƙarfe biyu. Jiya ma fitilar ta yi ja. Minti arba'in ina ce wa mutane barka da wannan lokaci, ban san ko uwata tana kan gado ba ko tana ƙasa."